Abdou Moumouni Dioffo: Ɗan Tasawa da ya buɗe wa rana ofis a Yamai

Duk ma'aikacin da takardun hulɗa tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Nijar suka taɓa ratsa teburinsa, na neman gurbin karatu ne ko na tantance shaidar digiri, ya san sunan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Da yawa kan ɗauka sunan wani tsohon shugaban ƙasa ne ko basarake, tunda haka aka saba raɗa wa manyan makarantu suna a wannan yanki namu. Mai sunan kuwa malamin kimiyyar Fiziks ne, wanda ya ƙarar da kusan shekara talatin na rayuwarsa yana neman hanyar da ƙasashen Sahel za su sa rana aiki, maimakon su zauna suna kukan zafinta. Damuwarsa ba ta tsaya ga samun wuta ba. Ya so a ce kayan da za su kama hasken ranar a nan gida aka yi nazarinsu, a nan aka ƙera su. A yau da farantan sola suka cika rufin ofisoshi da gidaje daga Abuja zuwa Legas, kusan dukkansu daga ƙetare, rayuwar wannan bawan Allah tana da abin da za ta faɗa wa masu rubuta manufofin gwamnati.

An haife shi ranar 26 ga Yuni, 1929, a Tasawa, tsohon garin Hausa da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, wanda tarihinsa ke sarƙe da na Katsina. Asalin gidansu Zabarmawan Kirtachi ne, can yamma a bakin kogin Kwara, amma a ƙasar Hausa ya buɗe ido. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, sannan a 1944 aka tura shi makarantar William Ponty a Senegal. Wannan makaranta ita ce ƙololuwar abin da Faransa ta tanadar wa 'ya'yan ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, kuma ita ta yaye Hamani Diori da Modibo Keita da Houphouët-Boigny. Sai dai an gina ta ne don samar da malaman firamare da akawu da mataimakan likita. Ba a zata wani zai fito daga cikinta ya nemi zama masanin Fiziks ba.

Abdou Moumouni ya nema. Daga Dakar ya wuce birnin Faris, ya samu digirinsa na farko a 1953, sannan a 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsanani da Faransawa ke tace manyan malamansu da ita, wadda ba yawan maki kaɗai ake nema ba, sai mutum ya shiga cikin 'yan ƙalilan ɗin da gurabe za su ɗauka. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci ta a fannin Fiziks. Yana da shekara 27.

Wanda ya samu irin wannan shaida a lokacin, ƙofar zama a Faransa cikin rufin asiri a buɗe take gare shi. Shi kuwa tun yana ɗalibi siyasa ta riga ta shiga jininsa. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, wadda aka fi sani da FEANF, kuma yana cikin na farko-farko a jam'iyyar PAI da aka kafa a Senegal a 1957, mai ra'ayin gurguzu da neman cikakken 'yanci. Ya koyar a Dakar. Da Gini ta kaɗa ƙuri'ar ƙin zama ƙarƙashin Faransa ranar 28 ga Satumba, 1958, Faransawa suka kwashe ma'aikatansu cikin fushi, makarantu suka wayi gari babu malamai. Yana cikin 'yan bokon da suka bar ayyukansu suka tafi Konakiri don cike giɓin, tare da irin su masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo. Bayan shekara guda ya koma Yamai ya koyar, daga nan kuma ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda daga 1962 zuwa 1964 ya yi bincike a kan makamashin rana ƙarƙashin Cibiyar Kimiyya ta ƙasar.

A 1964 ya fitar da littafinsa L'Éducation en Afrique, wato ilimi a Afirka, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1968. Abin mamaki, da wannan littafi aka fi saninsa a jami'o'in duniya, ba da aikin Fiziks ba. A ciki ya bi diddigin tarbiyyar gargajiya, wadda yaro ke koyo yana aiki, ya kwatanta ta da makarantar mulkin mallaka da ke raba yaro da harshensa da sana'ar gidansu. Ya nemi a koyar da yara da harsunan Afirka, a haɗa aji da gona da maƙera. Duk wanda ya karanta littafin zai gane dalilin da ya sa daga baya bai yarda ɗakin bincikensa ya tsaya ga rubuta takardu ba.

Hanyoyi biyu na kama rana

Don a fahimci zaɓin da ya yi, da kuma inda zamani ya saɓa masa, sai an san cewa hanyoyi biyu ne manya ake cin moriyar hasken rana.

Ta farko ita ce ta zafi. Baƙin ƙarfe ya sha rana ya yi zafi, a rufe shi da gilashi don kada zafin ya tsere, a bi da ruwa ta cikin bututu a jikinsa. Ko kuma a ƙera madubi mai siffar kwano, ya tattara hasken da ya sauka a faɗinsa zuwa wuri ɗaya ƙanƙane, har ya dafa abinci ko ya tafasa ruwan da tururinsa zai juya inji. Da tsakar rana a sararin sama mai haske, kowane murabba'in mita na samun ƙarfin da ya kai wat dubu. A Nijar, abin da ke sauka a wannan ɗan fili a yini guda yakan kai tsakanin yunit 5 zuwa 7 na irin wanda mitar gida ke ƙirgawa.

Ta biyu ita ce a juya hasken kai tsaye ya zama lantarki, babu tururi babu abin da ke motsi. A nan sirrin yana cikin sinadarin da hasken zai faɗa wa. Bafaranshe Edmond Becquerel ne ya fara lura da haka a 1839, amma sai a 1954, Abdou Moumouni na ɗalibi a Faris, masana uku a ɗakunan binciken kamfanin Bell na Amurka suka ƙera ƙwayar silikon da ke juya kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken da ya same ta. Silikon daga yashi da farin dutse ake samo shi, sai dai tace shi zuwa tsarkin da ake buƙata aiki ne mai cin wuta da kuɗi. Haske kuma ba abu ɗaya ba ne, launuka ne masu ƙarfi daban-daban. Akwai wani mizanin ƙarfi da ƙwayar haske za ta kai kafin ta iya tunkuɗa ilektron a cikin silikon. Wadda ba ta kai ba sai ta wuce a banza. Wadda ta zarce, kamar shuɗin haske, rararta zafi take zama. Saboda wannan ne a 1961 William Shockley da Hans Queisser suka lissafa cewa ƙwaya mai hawa ɗaya ba za ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba, komai kyawunta. Tun daga lokacin, rabin aikin masana wannan fanni shi ne neman sinadarin da zai rage wannan asara, ko ya sauya launin hasken ya dace da abin da ƙwayar ke iya ci.

A shekarun da Abdou Moumouni ya fara aiki, hanya ta biyu ta masu harba tauraron ɗan'adam ce. Tauraron Vanguard 1 na 1958 da ita ya yi aiki. Har zuwa 1977 farashin wat ɗaya ya haura dala 70, wato kuɗin abin da zai kunna ƙwai ɗaya na wancan zamani ya fi abin da manomi ke samu a shekaru. Ƙarfe da gilashi da madubi kuwa, maƙeri da mai walda za su iya koyon sarrafa su. Ba jahiltar ɗaya hanyar ya yi ba, domin a Nijar ɗin ma tun 1968 an gwada kunna talabijin ɗin koyarwa da farantin sola a wata makaranta kusa da Yamai. Lissafi ya yi, ya ga inda hannun ƙasarsa zai iya kaiwa, ya karkata ga zafi.

Bamako, sannan Yamai

Da ya baro Tarayyar Sobiyet bai koma gida ba. Mali ya nufa, inda Modibo Keita ke mulki da ra'ayin da ya yi kusa da nasa. Ya koyar a babbar kwalejin horar da malamai ta Bamako, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar a 1964. Yana can ya kammala babban digirin dakta na Faransa a 1967. Bincikensa na wancan lokaci ya taɓo madubai masu tattara haske, musamman yadda ƙarfin ke rarrabuwa a wurin da hasken ke haɗuwa, abin da ke nuna wa maƙeri girman tukunya ko bututun da zai aza a wurin. Sojoji sun kifar da Modibo Keita a Nuwamban 1968. A 1969 Abdou Moumouni ya dawo Yamai ya karɓi ragamar Ofishin Makamashin Rana, ONERSOL, wanda gwamnatin Diori ta kafa tun 1965.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan shekara ta 1965. Ƙasa mai shekara biyar da samun 'yanci, wadda ba ta da jami'a ko ɗaya, wadda gyaɗa da dabbobi ne jarinta, ta ware ofis na musamman don nazarin rana, shekara takwas kafin tashin farashin man fetur na 1973 ya farkar da manyan ƙasashe. Najeriya, da duk arzikinta, sai a 1979 ta yi dokar kafa Hukumar Makamashi, cibiyoyin binciken makamashi na Sakkwato da Nsukka kuma sai a farkon shekarun 1980 suka tsaya.

Ya shugabanci ONERSOL har 1985, kuma a waɗannan shekaru goma sha shida ne ya yi aikin da ya fi so. Ofishin ya riƙa auna ƙarfin rana, ya ƙera tukunyar dumama ruwa ta kan rufi, da na'urar tace ruwa ta hanyar tururi, da murhun rana, da akwatin busar da kayan lambu. Ga wanda bai san Sahel ba, waɗannan ƙananan abubuwa ne. Amma lokacin ya zo daidai da babban farin da ya kai ƙarshensa a 1973 da 1974, dabbobi sun ƙare, daji ya ja baya, itacen girki na nisa da gari kullum. Asibitin haihuwa da ke dumama ruwa da itace ko da wutar da aka saya da tsada, a ƙasar da ƙarfe ke ƙona hannu in an bar shi a rana, abu ne da Abdou Moumouni ya ɗauka a matsayin wauta da za a iya gyarawa. Busar da albasa da tumatir cikin tsabta kuwa, manomin Galmi ko na Kadawa ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfaninsa.

Abin da ya bambanta ONERSOL da sauran cibiyoyin bincike shi ne masana'anta. A tsakiyar shekarun 1970 ofishin ya buɗe sashen ƙere-ƙere, yana yin tukwanen dumama ruwa don sayarwa, aka kakkafa su a gidaje da ma'aikatu. Wannan shi ne littafinsa na 1964 a aikace: ɗakin bincike a gefe ɗaya, maƙera a ɗaya gefen, matasan ƙasa na kai da kawowa tsakaninsu. Babban burinsa kuma shi ne injin da zafin rana zai juya, ya ɗago ruwa ko ya ba da lantarki a ƙauyen da waya ba za ta kai ba. A kan wannan ne ofishin ya haɗa hannu da kamfanin Spilling na Jamus, aka ƙera injin da ya ɗauki sunan ONERSOL. A lokaci guda yana koyar da Fiziks a sabuwar jami'ar Yamai, daga 1979 kuma ya shugabance ta na wasu shekaru. A waje, UNESCO da wasu hukumomin duniya sun riƙa neman shawararsa, musamman bayan babban taron da aka yi a Faris a 1973 kan yadda rana za ta yi wa ɗan'adam hidima.

Inda zamani ya karkata

Gaskiyar da masu yabonsa ba su cika son faɗa ba ita ce, injin zafin rana bai yi nasara ba, a hannunsa ko a hannun waninsa. Famfunan da Faransawa suka kakkafa a Sahel a shekarun 1970, masu aiki da faffaɗan farantin zafi, kusan kashi ɗaya cikin ɗari kawai na ƙarfin rana suke mayarwa aiki, ga nauyi, ga buƙatar makaniki a kusa. Madubi mai tattara haske ya fi su ƙarfi, amma yana da abokin gaba da duk Bahaushe ya sani, wato hazo. Madubi hasken da ya zo kai tsaye kaɗai yake iya tattarawa. In ƙurar hunturu ta turnuƙe sama ta warwatsa hasken, sai ya zama kwano kawai, alhali farantin silikon na ci gaba da ba da abin da ya samu. Tun 1977 wani limamin coci Bafaranshe, Bernard Verspieren, ya fara kafa famfunan silikon a ƙauyukan Mali, ƙasar da Abdou Moumouni ya kafa ɗakin binciken makamashin rana, kuma suka ɗore. Farashin silikon ya yi ta sauka, har yau wat ɗaya bai kai rabin dala ba.

Sashen ƙere-ƙeren ma bai ɗore ba. Kuɗin yuraniyom da ya ɗaga Nijar a ƙarshen shekarun 1970 ya zube a farkon na 1980, gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ga kuma wata matsala da ta fi kuɗin gwamnati zurfi: ƙasar ba ta narka alminiyom, ba ta yin gilashi, kuma duk abin da ta saya sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu daga tashar Kwatano. Tukunyar da aka ƙera a Yamai da kayan da suka sha wannan tafiya ba za ta yi arha ba, masu iya sayenta kuma ba su da yawa. A nan ne tunaninsa ya ci karo da bango. Ya zaɓi fasahar da hannun gida zai iya ƙerawa, sai ga shi ɗanyen kayan ita ma daga waje suke zuwa. Ba za a ɗora masa laifin wannan ba, amma duk jami'in da ke rubuta takardar neman kafa masana'antar sola a yau ya dace ya san labarin. Masana'antar NASENI da ke Karshi a Abuja, alal misali, ta fara ne da harhaɗa faranti daga ƙwayoyin da aka shigo da su, kuma mafi yawan ƙwayoyin duniya a ƙasar Sin ake yin su.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu, 1991, yana da shekara 61, 'yan watanni kafin babban taron ƙasa da ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya a Nijar. Saboda haka bai ga abin da ya kammala juyin ba. A farkon shekarun 1990 masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da fitilar LED mai shuɗin haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Da aka shafa wa shuɗiyar fitilar wata hoda da ke shanye wani ɓangare na shuɗin ta fitar da rawaya, sai haɗuwar biyun ta ba da farin haske. Wannan hoda ita ce ɗigon rawayan da ake gani a cikin kowace tocila ta zamani. Da ita ne hasken da a da ke cin wat 60 ya koma cin ƙasa da 10, ɗan faranti mai faɗin littafi ya isa ya haska ɗaki. Fitilar da ke kan teburin mai shayi a Agege, ko ta mai tsire a tashar motar Ojota, haɗuwar sinadarai biyu ce, ɗaya na juya haske zuwa lantarki da rana, ɗaya na sauya launin haske da dare. Hasken ƙauye da Abdou Moumouni ya nema ta hanyar madubi da inji ya iso ta wannan hanya, cikin kwali, daga tashar jiragen ruwa ta Apapa.

Binciken bai tsaya ba. Wani rukunin sinadarai da ake kira ferobiskayit, wanda a 2009 bai kai kashi 4 cikin 100 ba, yanzu ya haura kashi 25 a ɗakin gwaji, kuma ana iya shafa shi kamar fenti ba tare da irin wutar da silikon ke ci ba. Rauninsa shi ne zafi da laima suna lalata shi da wuri. Ko silikon ɗin ma ƙarfinsa na raguwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri da ya haura 25, kuma faranti a rufin Sakkwato cikin watan Afrilu yakan wuce digiri 60. Yadda waɗannan kaya ke jure zafinmu da ƙurarmu tambaya ce da ɗakin bincike na Sakkwato ko Zariya ko Yamai ya fi na Turai cancantar amsawa, kuma irin aikin awo da gwaji ne da ONERSOL ya faro.

A 1992 aka raɗa wa jami'ar Yamai sunansa. Ofishinsa ya sauya suna sau biyu, ya zama cibiya a 1998, daga baya ya zama hukumar da ake kira ANERSOL. Nijar kuwa ta ci gaba da dogaro da wutar da take saya daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi, har zuwa watan Agustan 2023 da aka katse layin bayan juyin mulki, Yamai ta shiga duhu. Cikin abubuwan da suka rage mata raɗaɗi a ƙarshen wannan shekara akwai sabuwar tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda aka gina da kuɗin Faransa da Tarayyar Turai, a hayin kogin da jami'ar take.